Ribar Kashi Biyar: Tarihin Lamunin da Ya Shimfiɗa Layin Dogo a Indiya

Ranar 17 ga Agusta 1849, a birnin Landan, Kamfanin Gabashin Indiya, wanda shi ke riƙe da mulkin mafi yawan ƙasar Indiya a wancan lokaci, ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanonin 'yan kasuwa guda biyu. Ɗaya shi ne East Indian Railway, wanda zai ja layin dogo daga Kalkata. Ɗayan kuma Great Indian Peninsula Railway, wanda zai fara nasa daga Bombay, birnin da ake kira Mumbai a yau. A ranar ko kwabo bai fita daga baitulmalin Indiya ba, kuma babu wani bashi da aka rubuta wa gwamnati a littafin lissafi. Duk da haka, wannan sa hannu ya ɗaure masu biyan haraji a Indiya da biya na shekara fiye da hamsin.

Abin da gwamnati ta bayar a ranar lamuni ne. Ta ce wa masu jari su kawo kuɗinsu su gina hanya, idan ciniki ya yi kyau su ci riba, idan bai yi ba ita za ta cika musu. Irin wannan alkawari shi masana kuɗin gwamnati suke kira bashi mai sharaɗi: ba ya zama bashi sai wani abu ya faru, amma da zarar ya faru, biya ya wajaba. Duk gwamnatin da ke haɗa gwiwa da 'yan kasuwa a yau don gina titi, ko tashar lantarki, ko tashar jiragen ruwa, tana ɗauke da irinsa, ko ta ƙirga shi ko ba ta ƙirga ba. Tarihin layin dogon Indiya ya nuna dukan tafiyar irin wannan bashi, tun daga ranar da aka ƙulla shi har ranar da aka gane nauyinsa.

Yadda aka kai ga lamuni

Tun wajen 1844 wasu Turawan Ingila biyu suke ta fafutukar ganin jirgin ƙasa ya shiga Indiya. Rowland Macdonald Stephenson yana neman layi daga Kalkata zuwa arewa maso yamma, ta kwarin kogin Ganga. John Chapman kuma yana neman layi daga Bombay zuwa cikin ƙasa, inda ake noman auduga. Bayansu akwai masu masaƙun Manchesta, waɗanda suka dogara da audugar Amurka kuma suke tsoron ranar da za ta yanke musu. Audugar Indiya tana nan, amma a bayan shanu take isowa bakin teku, bayan tafiyar makonni cikin ƙura da ruwan sama.

Matsalar ita ce kuɗi. A tsakiyar shekarun 1840 mutanen Ingila sun yi rububin sayen hannun jarin kamfanonin jirgin ƙasa na cikin gida, sannan kasuwa ta rushe a 1847, da yawa suka yi asara. Mai kuɗin da ya ƙone a layin da ke bayan gidansa ba zai tura jarinsa wata ƙasa mai nisa ba, inda bai san ko mutane za su hau jirgin ba, bai kuma san yadda damina da manyan koguna za su yi da gada ba. Masu kamfanonin suka ce babu jari sai da lamunin gwamnati. Daraktocin Kamfanin Gabashin Indiya suka yi ta ja, suna tayin riba ƙarama na ɗan lokaci, ana ta ciniki shekara da shekaru. Daga ƙarshe matsin 'yan kasuwar Manchesta da Landan da wakilansu a majalisa ya yi rinjaye. Cikin waɗanda suka taimaka aka daidaita har da James Wilson, wanda ya kafa mujallar The Economist, a lokacin yana sakatare a hukumar da ke sa ido kan mulkin Indiya.

Ya kamata a faɗi gaskiya tun daga nan: lamunin ya yi aikin da aka nufa da shi. Jarin da ya ƙi zuwa ya zo. Tambayar da tarihi ya bar mana ita ce nawa aka biya, wa ya biya, kuma wa ya san da lissafin tun farko.

Abin da takarda ta ƙunsa

Sharuɗɗan 1849 su suka zama zubin sauran yarjejeniyoyin da suka biyo baya har shekara ashirin. Gwamnati ta ba kamfani fili kyauta na tsawon shekara 99. Ta lamunce masa ribar kashi 5 cikin 100 a kowace shekara a kan duk jarin da ya zuba, a lokacin da takardun bashin gwamnatin Birtaniya kansu ba su cika wuce kashi 3 da 'yan kai ba. Ribar tana fara hawa ne daga ranar da aka ajiye kuɗin a baitulmali, tun ba a kafa ƙarfe ko ɗaya ba. Idan abin da layi ya samu bai kai kashi 5 ba, gwamnati ta cika, a rubuta cikon a matsayin rance a kan kamfani. Idan ya wuce kashi 5, a raba rarar biyu, rabi na masu jari, rabi a rage rancen da shi.

Akwai wasu sharuɗɗa uku da ba su ja hankali sosai ba a lokacin, alhali su ne suka fi yin tasiri daga baya. Na farko, an ƙayyade canji a cikin yarjejeniya: rupi ɗaya sule ɗaya da kwabo goma, kuma a fam na Ingila za a riƙa biyan ribar a Landan. Na biyu, gwamnati tana da damar sayen layin bayan shekara 25 ko 50, a kan matsakaicin farashin hannun jarinsa a kasuwar Landan cikin shekaru uku na ƙarshe. Na uku, kamfani yana da damar ya ba da sanarwar wata shida, ya miƙa wa gwamnati layin, ya karɓi dukan jarin da ya kashe.

A nata ɓangaren gwamnati ta sami jigilar wasiƙu kyauta, da rangwame wajen ɗaukar sojoji da kayansu, da ikon sa baki a zaɓen hanya da farashin tikiti. Ta kuma sa darakta nata a hukumar kowane kamfani a Landan, mai ikon hawa kujerar na-ƙi, sannan injiniyoyinta a Indiya su duba kowane kashe kuɗi kafin a yi shi. Tunanin shi ne sa ido zai maye gurbin tsoron asara. Tun da mai jari ba zai yi asara ba, to jami'in gwamnati ya tsaya a kansa kada ya yi almubazzaranci.

Jarin farko bai da yawa: fam miliyan 1 ga kamfanin Kalkata, fam 500,000 ga na Bombay, don gwaji. A wannan ma'auni lamunin abu ne mai sauƙi, ko da layukan ba su kawo ko kwabo ba. Abin da ba a yi ba shi ne sa iyaka ga jimillar jarin da za a lamunta nan gaba.

Jirgi ya tashi

Ranar 16 ga Afrilu 1853 jirgin fasinja na farko ya tashi daga Bori Bunder a Bombay zuwa Thane, tafiyar kilomita 34, da tarago 14 da mutane kusan 400. A cikin watan ne Gwamna-Janar Lord Dalhousie ya rubuta sananniyar takardarsa a kan layin dogo, inda ya zana manyan layukan da za su haɗa Kalkata da Bombay da Madras da arewa maso yamma. Dalhousie ya san harkar, domin ya shugabanci hukumar ciniki ta Birtaniya a lokacin rububin jiragen ƙasa. Ya goyi bayan kamfanoni su gina a ƙarƙashin kulawar gwamnati, kuma a zamaninsa aka zaɓi layi mai faɗin ƙafa 5 da inci 6, wanda ya fi na Ingila faɗi da tsada. A watan Agusta 1854 layin Howrah zuwa Hugli, na kamfanin Kalkata, ya buɗe, na Madras kuma a 1856.

Sai boren 1857 ya girgiza mulkin Turawa. A 1858 gwamnatin Birtaniya ta karɓi mulkin Indiya daga hannun Kamfani, ta gaji yarjejeniyoyin gaba ɗaya. Boren ya ƙara wa hukumomi ƙishirwar layin dogo don saurin kai soja, yaƙin basasar Amurka daga 1861 zuwa 1865 kuma ya ƙara wa Manchesta ƙishirwar auduga. Kamfanonin da aka lamunta suka kai takwas. Aka fasa duwatsun da ke bayan Bombay, aka buɗe hawan Bhor Ghat a 1863 da na Thal Ghat a 1865, aikin da dubun dubatar leburori Indiyawa suka yi da hannu, da yawa cikinsu suka mutu da kwalara da haɗurra. A 1870 layin Bombay ya haɗu da na Kalkata a Jabalpur. Aiki ne babba, kuma babu mai musun haka.

Lissafi ya fito

Zuwa 1869 an shimfiɗa fiye da mil 4,000. Dalhousie ya yi hasashen kowane mil zai ci wajen fam 8,000. Abin da ya ci ya kusa fam 18,000. Wani ɓangare na tsadar yana da uzuri: koguna masu faɗi, duwatsu, bore, da jigilar ƙarfe da injuna har da katakon shimfiɗa daga Ingila. Amma wani ɓangaren daga zubin yarjejeniyar ya fito. Ribar mai jari kashi 5 ce na abin da aka kashe, saboda haka duk fam ɗin da aka ƙara kashewa ƙarin riba ne a gare shi, duk fam ɗin da aka yi tattalinsa kuma ragi ne. Aka gina wasu gadoji da tasoshi fiye da buƙatar cinikin lokacin, wasu ayyukan kuma aka yi su ba inganci har sai da aka sake.

Sa idon da aka dogara da shi bai hana ba. Injiniyoyin gwamnati yawancinsu sojoji ne da ba su taɓa gina layin dogo ba. Sukan tsaya jayayya a kan ƙananan kuɗi, takardu su yi ta kai-komo tsakanin Indiya da Landan na watanni, alhali jinkirin kansa yana ƙara wa gwamnati nauyi, tun da riba tana hawa ko ana aiki ko ba a yi. Manyan shawarwari kuwa, inda kuɗin gaske yake, sukan wuce.

Da layukan suka fara aiki, mafi yawansu ba su kawo kashi 5 ba. Kowace shekara gwamnati tana cikawa. A 1868 kamfanin Calcutta and South Eastern, wanda layinsa zuwa Port Canning ya kasa kawo ciniki, ya yi amfani da sharaɗin nan na wata shida: ya miƙa layin, ya karɓi jarinsa. Ta haka gwamnatin Indiya ta mallaki layin dogonta na farko, layin da masu shi suka gudu suka bari.

William Massey, wanda ya riƙe harkokin kuɗin Indiya a tsakiyar shekarun 1860, ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisar Birtaniya a 1872. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne, muddin an lamunce wa mai jari kashi 5 daga kuɗin shigar Indiya, bai damu ba ko an yi gini da kuɗinsa ko an zuba su a kogin Hugli. Kafin shi, a Janairu 1869, Lord Lawrence, wakilin Sarauniya a Indiya, ya rubuta takarda mai zafi yana gab da barin mulki, inda ya ce tsarin ya bar wa kamfanoni riba ya bar wa gwamnati asara.

Gwamnatin da ake magana kuwa ba ta da kuɗin kanta. Kuɗin shigarta daga harajin ƙasa yake zuwa, da harajin gishiri, da cinikin ofiyom. Manomin da bai taɓa hawa jirgi ba yana biya a gonarsa da gishirin miyarsa, masu hannun jarin kuma kusan dukansu a Birtaniya suke. Indiyawa a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Manomin nan ba shi da wakili a inda aka sa hannu, ba shi da majalisar da za ta tambayi lissafi a madadinsa. Kasafin kuɗi na zamani ma bai fara a Indiya ba sai 1860, kuma James Wilson ɗin nan ne ya gabatar da shi bayan an tura shi gyara baitulmalin da bore ya ragargaza. Wato shekara goma sha ɗaya aka yi ana ƙulla lamuni kafin a sami takarda guda da ke tara shiga da fitar gwamnati a wuri ɗaya.

Shekarar 1869: gyara biyu masu karo da juna

Kukan Lawrence ya yi tasiri. Daga 1869 aka daina ba da sabon lamuni irin na da, gwamnati ta koma cin bashi da sunanta tana gina layuka da kanta. Hujjar a fili take: idan baitulmali ne ke ɗauke da haɗarin ko ta yaya, gara ya ranci kuɗin kai tsaye a kan ruwan da bai kai kashi 5 ba, bashin ya fito a littafi kowa ya gan shi, ribar kuma in ta zo ta zama tasa. A zamanin Lord Mayo, wanda ya gaji Lawrence, aka zaɓi layi mai faɗin mita ɗaya don rage tsada, aka gina layuka irin na Rajputana da shi.

Amma a daidai wannan lokaci, a Landan, Sakataren Harkokin Indiya, Duke na Argyll, ya yi wani sabon ciniki da tsofaffin kamfanoni. Ya yafe musu rancen cikon da ya taru a kansu, ya kuma janye damar gwamnati ta sayen layi a shekara ta 25. Abin da aka karɓa a madadi shi ne rabin rarar riba har ƙarshen yarjejeniya. Kamfanonin Great Indian Peninsula, da Madras, da Bombay, Baroda and Central India suka karɓa. Gwamnatin da ke Indiya, wadda ita ke biya, ba ta yarda da cinikin ba, amma ƙorafinta bai sauya komai ba. Rancen da aka yi shekaru ana rubutawa da sunan za a dawo da shi ya tafi, ƙofar fita mafi kusa kuma ta rufe na ƙarin shekara 25.

Wannan shi ne darasi mafi ɗaci a labarin. Lamuni ba ya tsayawa yadda aka rubuta shi ranar farko. Ana sake tattauna shi a tsakiyar tafiya, kuma idan mai sake tattaunawar ba shi ne mai biya ba, sauƙin yakan tafi ga wanda ya fi kusa da teburin.

Faɗuwar azurfa

Akwai wani babban haɗari da ba a hange shi a 1849 ba. Rupi kuɗin azurfa ne, fam kuma na zinariya. Daga 1873, bayan Jamus ta koma zinariya kuma ma'adinan Amurka suka cika kasuwa da azurfa, darajar rupi ta fara zamewa. A farkon shekarun 1870 rupi yana kusan sule biyu, wato rupi 10 ya isa sayen fam ɗaya. Zuwa tsakiyar shekarun 1890 ya faɗo kusan sule ɗaya da kwabo ɗaya, fam ɗaya ya koma wajen rupi 18.

Layin dogo a rupi yake karɓar kuɗin tikiti da na kaya. Manomi a rupi yake biyan haraji. Lamuni kuwa a fam ake biyansa. Ko da kamfani bai ƙara kashe kwabo ba, nauyin da ke kan baitulmali ya yi ta ƙaruwa. Lissafin kamfanoni kuma yana tafiya a kan canjin sule ɗaya da kwabo goma da ke cikin takarda, saboda haka layi yana iya nuna riba a littafinsa alhali gwamnati tana asara wajen sayen fam ɗin da za ta aika Landan. A 1893 aka rufe gidajen buga kuɗin azurfa ga jama'a, zuwa ƙarshen shekarun 1890 aka tsayar da rupi a sule ɗaya da kwabo huɗu. Kafin nan cikon da aka biya kamfanoni ya kai gomman miliyoyin fam. Kuɗin suna cikin abin da Indiya ke aikawa Landan kowace shekara, wanda marubuta Indiyawa Dadabhai Naoroji da Romesh Chunder Dutt suka yi ta nunawa a matsayin tsiyayar arzikin ƙasar. Dutt ya ƙara da cewa abin da aka kashe wa layin dogo ya ninka abin da aka kashe wa noman rani sau da yawa, a ƙasar da fari ke kashe mutane.

Komawa ga kamfanoni, da sayen layuka

Ginin gwamnati ma bai ɗore ba. Yunwar 1876 zuwa 1878 ta kashe miliyoyin mutane, yaƙin Afganistan na 1878 zuwa 1880 ya cinye kuɗi, hukumar binciken yunwa ta 1880 a ƙarƙashin Richard Strachey kuma ta ce a gaggauta ƙarin layuka don kai hatsi. Baitulmali ba zai iya shi kaɗai ba, aka koma ga kamfanoni. Sai dai an koyi wani abu. A sababbin yarjejeniyoyi, irin ta Indian Midland da ta Bengal Nagpur, lamunin ya sauko zuwa kashi 4, layin mallakar gwamnati ne tun farko, kuma kaso mafi girma na rara nata ne. Kamfanin Bengal and North Western, wanda aka kafa a 1882, fili kawai aka ba shi ba lamunin riba, ya gina layinsa da tattali, ya kuma ci riba. Wannan ya nuna cewa ba kowane layi ne yake buƙatar abin da aka bayar a 1849 ba.

Tsofaffin kamfanoni kuma aka bi su ɗaya bayan ɗaya da wa'adinsu ya cika. East Indian Railway, wanda bai shiga cinikin Argyll ba kuma shi ya fi kowa ciniki saboda kwal ɗin Raniganj da yawan jama'ar kwarin Ganga, ya koma hannun gwamnati daga farkon 1880. An biya fam 125 a kan kowane fam 100 na hannun jari, biya kashi-kashi da aka tsara zai kai 1953, aka bar wa kamfanin gudanarwa a kan kashi ɗaya cikin biyar na rara. Eastern Bengal ya biyo a 1884, Sind, Punjab and Delhi a 1886, Great Indian Peninsula a 1900, Madras a 1908. A nan ma sharaɗin 1849 ya yi cizo: farashin saye yana bin farashin hannun jari a kasuwa, farashin kasuwa kuma lamunin gwamnati ne ya riƙe shi a sama. Gwamnati ta biya lamunin shekara da shekaru, sannan ta sake biyan darajar da lamunin ya ƙara wa takardun. Masana tarihin tattalin arziki Dan Bogart da Latika Chaudhary sun bi lissafin layukan, suka gano kuɗin gudanarwa ya ragu bayan gwamnati ta karɓe su.

Daga wajen 1900 layin dogon Indiya, wanda ya kusa mil 25,000, ya fara kawo wa baitulmali riba. Ya rage tsadar jigila, ya haɗa kasuwanni, ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Bayan rahoton kwamitin William Acworth na 1921, aka ware kasafin layin dogo daga babban kasafi a 1924, a 1925 kuma gwamnati ta karɓi gudanar da manyan layukan biyu na 1849 da kanta. Amfanin layin gaskiya ne. Amma amfanin abu ba ya wanke tsadar da ba ta zama dole ba, kuma ba ya mayar wa manomin 1870 gishirinsa.

Abin da ya maimaitu a zamaninmu

Wanda ya san wannan tarihi zai gane fuskarsa a wurare da yawa. Tsakanin 1989 da 1994 Mekziko ta ba kamfanoni kwangilar gina fiye da kilomita 5,000 na titunan biya. Kuɗin gini ya zarce hasashe, kuɗin wucewa ya yi tsada, direbobi suka bi tsofaffin hanyoyi na kyauta, sannan darajar peso ta rushe a Disamba 1994. A 1997 gwamnati ta karɓi 23 daga cikin kwangilolin tare da bashin da ya haura dala biliyan 7. A Landan kanta, inda aka ƙulla lamunin Indiya, kamfanin Metronet da aka ba gyaran layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa a 2003 ya durƙushe a Yuli 2007. Hukumar sufurin birnin ta lamunce kashi 95 cikin 100 na bashinsa, saboda haka bankuna ba su da dalilin matsa masa ya yi tattali, kuma gwamnati ta fitar da fam biliyan 1.7 ta biya. A Najeriya, tashar lantarki ta Azura-Edo, wadda ta fara aiki a 2018, tana da yarjejeniyar da ta ba masu ita damar miƙa wa gwamnatin tarayya tashar su karɓi kuɗinsu idan aka kasa biyansu, farashin wutar kuma yana bin dala alhali mai amfani da ita a naira yake biya. Tashar tana ba da wuta, kamar yadda jiragen Indiya suka yi ta ɗaukar kaya, amma alkawarin yana nan a kan baitulmali.

Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin da Indiya ba ta samu ba. Bayan lamunin tituna da na lantarki sun ci mata kuɗi, Kolombiya ta yi doka mai lamba 448 a 1998, wadda ta wajabta wa hukumar da ta ba da lamuni ta ƙiyasta abin da zai iya ci, ta riƙa zuba kuɗi a asusu na musamman tun kafin ranar biya. Chile ta yi dokar kula da kuɗin gwamnati a 2006, kuma tun 2007 take wallafa rahoton shekara-shekara na dukan lamunin da ke kanta, da mafi munin abin da zai iya faruwa, da abin da ya fi yiwuwa. A titin Santiago zuwa Valparaiso, wanda aka bayar a 1998, an tsara wa'adin kwangila ya ƙare ne idan kamfani ya tara adadin kuɗin da ya nema a tayinsa. Idan motoci sun yi ƙaranci wa'adin ya tsawaita, ba sai baitulmali ya cika ba.

Babu wanda ya ce gwamnati ta daina tsaya wa masu jari. Akwai haɗarin da ita kaɗai za ta iya ɗauka, kamar samar da fili da sauyin dokokinta, kuma ƙasa matalauciya ba ta samun jari mai tsawon rai ba tare da wani alkawari ba. Abin da shekarun Indiya suka koyar shi ne a bar wa kamfani haɗarin da ke hannunsa, musamman tsadar gini, domin babu yawan masu sa ido da zai maye gurbin tsoron asara. A sa wa kowane lamuni rufi, a sa wa jimillarsu rufi. A yi lissafin canji kafin a yi alkawari da kuɗin da ba a bugawa a gida. A ba ma'aikatar kuɗi, wadda ita za ta biya, ikon ƙin yarda a ranar ƙullawa da kuma duk ranar da za a sake tattaunawa. Sama da duka, a rubuta alkawarin a takardun kasafi a shekarar da aka yi shi, da ƙiyasin abin da zai iya ci, a kai shi gaban majalisa. Manomin Indiya na ƙarni na 19 ba shi da hanyar neman wannan takarda. Mai biyan haraji na yau yana da wakilai da 'yan jarida da dokar neman bayanai, kuma haƙƙinsa ne ya ga jerin lamunin da aka yi da sunansa tun yarjejeniya tana kan tebur, lokacin da gyara yake yiwuwa.